Kafin ka miƙa wa mai tausa jikin mahaifinka

Babu sana'ar da ke saurin haifar "ƙwararru" a garin nan yanzu kamar tausa. Ka buɗe WhatsApp, ka leƙa TikTok, ko ka ɗaga kai ka dubi jikin turken wuta a bakin titi, sai ka ci karo da talla: ƙwararren mai tausa, ana zuwa har gida. A ƙasa kuma an jero cututtukan da ko asibitin koyarwa ba zai yi alkawarin warkar da su gaba ɗaya ba: ciwon baya, sanyin ƙashi, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, rage tumbi, har da rashin haihuwa. Yaron da bara war haka cajar waya yake sayarwa, bana ya ɗinka farar riga, ya sayi wani inji mai karkarwa, ya zama "dokta". Na daɗe ina gani ina kau da kai, don kada a ce na sa wa matasa ido a wajen neman halaliyarsu. Abin da ya sami wani dattijo a unguwarmu ne ya sa na ɗauko maganar yau.

Dattijon tsohon malamin makaranta ne, ɗan fansho, mai hawan jini. Bayan Babbar Sallah ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kwantar da shi, aka samu kansa, aka sallame shi da umarnin a riƙa kai shi sashen gashin ƙashi. 'Ya'yansa sun fara kai shi, sai wahala ta yi musu yawa: ɗaukarsa a sa a mota, layi, ga kowa da wurin aikinsa. Ana cikin haka wata ƙanwar matarsa ta turo musu lambar wani saurayi da ta gani a waya, wai ya tayar da mutane da yawa da likitoci suka fitar da rai da su. Ya zo da jakarsa da farar rigarsa da wata takardar shaida mai ruwan zinare a gefe. Ya yanka musu naira dubu 15 kowane zuwa, zuwa goma, a biya duka kafin ya fara, don a cewarsa man da yake amfani da shi daga Dubai ake kawowa. Suka yi karo-karo suka biya.

Babban ɗan ne ya ba ni labari a ƙofar masallaci, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wallahi Malam, tun zuwan farko Baba yake ƙara, shi kuma yana cewa, 'Baba a daure, sai an ji zafi jini yake buɗewa.' Ya kama hannun nan da ya mutu ya ɗaga sama, ya fizga, ya murɗa, mu muna tsaye muna yi wa Baba sannu." Na ce, "Ya nemi ganin katin asibiti?" Ya ce a'a. "Ya tambayi magungunan da yake sha? Ya auna jininsa?" Ya girgiza kai. Kafin a kai rabin zuwa goman, kafaɗar ta kumbura, Baba ba ya barci, ko riga ba ya yarda a sa masa. Da suka koma asibiti aka yi hoto, aka ce kan ƙashin hannun ya zame daga gurbinsa, naman da ke riƙe da gaɓar kuma ya ji rauni. Saurayin ya daina ɗaga waya. Kuɗi sun tafi, an kuma ƙara wa tsoho ciwo a kan ciwo.

Duk ɗalibin fisiyo, wato gashin ƙashi, ya san abin da wannan yaro bai sani ba. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, tsokoki ne ke riƙe da ƙashin hannu a cikinsa. In ɓarin jiki ya shanye, tsokokin nan sun saki, nauyin hannun kaɗai ya isa ya janyo ƙashin ƙasa. Shi ya sa darasin farko da ake koya wa masu jinya shi ne kada a ja maras lafiya ta wannan hannun, ko da wajen tayar da shi zaune ne, kuma a tallafe shi da matashi. Sannan asalin ciwon ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jini ne ya toshe ko jijiya ta fashe a can, wani sashe ya lalace. Abin da ke dawo da motsi shi ne maimaita atisaye, yau da gobe, har ƙwaƙwalwa ta koyi sabuwar hanyar aika saƙo, kuma an fi samun ci gaba a watanni uku zuwa shida na farko. Babu wani jini da ya daskare a damtse wanda murza za ta buɗe. Asarar gidan nan ba ta tsaya ga dubu 150 ba, har da makonni masu tsada da aka ɓata daga cikin waɗannan watanni.

Kada wani ya ɗauka yaƙi nake yi da tausa. Mu da muka tashi muna taka bayan kakanninmu da yamma, ana sa mana albarka, ba za a koya mana daɗinta ba. Manomi ya dawo daga huɗa, ɗan dako ya sauke buhun ƙarshe, tela ya wuni a kan keke, direba ya taso daga Legas bai tsaya ba: a shafa man kaɗanya ko man zafi a bi jiki a hankali, gajiya ta sauka, barci ya zo. Har likitoci sun yarda tana rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci, tana kwantar da hankali. Wannan tausar gajiya ce, kuma ba ta buƙatar digiri. Amma akwai tausar ciwo, wadda ake yi wa jikin da wani abu ya riga ya lalace a cikinsa, kuma a nan ne ake wasa da rayukan mutane. Masu tallan nan da gangan suke cakuɗa biyun, don kuɗin mai ciwo ya fi na mai gajiya kauri, kuma mai ciwo ba ya ciniki.

Abin haushin shi ne tsofaffinmu da ba su taɓa shiga aji ba sun fi waɗannan yara sanin iyakarsu. Kowace unguwa tana da Iyarta mai gyaran targaɗe. Kafin ta taɓa yaro sai ta tambaya: "Daga ina ya faɗo? Ya taka ƙafar bayan ya faɗi? Tun yaushe?" Ta lallatsa a hankali tana kallon fuskarsa, in ta ji abin da bai yi mata ba ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, karaya ce, ku yi gaba." Ta gaji abin, ta shekara tana kallon uwarta kafin a bar ta ta taɓa kowa, kuma gidanta sananne ne, in ta ɓata gobe da safe za a yi mata sallama. Ba ina wanke masu gargajiya duka ba ne. Ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala sun gaji da ganin hannuwan yara da mai ɗori ya ɗaure tamau har jini ya daina gudana, naman ya ruɓe, aka ƙare da yankewa. Amma ko mai ɗorin yana da gida da sunan da yake jin tsoron ɓatawa. Mai lambar waya da farar riga ba shi da ko ɗaya.

Kuma ba don babu masana ba ne. Aikin gashin ƙashi na zamani ya shigo ƙasar nan tun 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Asibitin Dala ya buɗe a 1959. Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a fannin a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero da ta Maiduguri duk suna yaye ɗalibai. Mutum sai ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya san kowane ƙashi da tsoka da jijiya, ya ƙara shekara guda ta horon aiki a asibiti, sannan hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ta yi masa rajista ta ba shi lasisin da yake sabuntawa duk shekara. Wannan shi ne likitan fisiyo, kuma tausa ɗaya ce kawai daga cikin kayan aikinsa, ba ma ita ce babba ba. Na san za a ce sun yi kaɗan, layinsu dogo ne, wasu kuma sun tsere Ingila da Saudiyya. Gaskiya ne, amma ƙarancin likita bai mayar da mai sayar da caja likita ba.

Shi kuwa "mai tausa", kowa ya ga dama ya laƙaba wa kansa, ba mai tare shi. Kwas na mako biyu a wani ɗaki a saman bene, a ɗauki hoto da hula mai tunku, shi ke nan an gama. A jihar New York ta Amurka sai ka yi awa 1,000 ta karatu da horo, ka ci jarrabawa, kafin a ba ka lasisin tausa. A Japan shekara uku ake yi kafin jarrabawar ƙasa. Tailan ta ɗauki tausarta ta gargajiya, ta buɗe mata makaranta a Wat Pho da ke Bankok tun 1955, ta tsara ta har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2019, ga shi yau 'ya'yanta suna cin abinci da ita a ko'ina. Mu namu gadon mun bar shi yana mutuwa tare da tsofaffi, mun buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Ba na gajiya da maganar bara, to ga ta nan ma ta biyo ni. A Koriya ta Kudu, doka ta keɓe lasisin tausa ga makafi kaɗai, abin da ya samo asali tun zamanin mulkin mallakar Japan, kuma da masu ido suka kai ƙara kotun tsarin mulki ta tabbatar da dokar a 2008. Can an duba an ga wanda ya rasa ido yatsunsa suna gani, aka mayar da wannan sana'a. Mu nan mun ba makaho sanda da ɗan jagora da ƙoƙo, mun tsayar da shi a danja, shekara ta zagayo a kwashe su a mota a ce an hana bara, wata biyu su dawo. Makarantar ɗalibai masu buƙata ta musamman tana nan Tudun Maliki. Me zai hana a haɗa ta da malaman fisiyo na Dala, a tsara kwas na gaskiya na tausar gajiya, a yaye matasa maza da mata masu takardar da ake iya bincikawa? Ba za a yi ba, don babu kwangilar siminti a ciki. Wanda ya ji haushi ya ƙaryata ni da aiki.

To tunda hukuma ta yi barci, sai kowa ya tsare gidansa. Akwai jikin da ba a tausa, ko wane ne mai tausar. Ƙafa ɗaya ta kumbura daga sha-raɓa, ta yi zafi, tana ciwo, ɗayar lafiya lau: wannan yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza ya ɓalle, huhu zai nufa, mutum yana iya cikawa nan take. Masu jego sun fi kowa shiga wannan haɗari, musamman a makonni shida na farko, wato daidai kwanakin arba'in da ake wanka ana tausa, haka wanda aka yi wa tiyata ko ya daɗe a kwance. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi, kada a gasa masa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba, kuma kowa ya san yadda gyambon mai suga yake ƙarewa. Tsohuwar da ƙashinta ya yi sanyi, danna ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tsaga mata haƙarƙari. Mai shan maganin tsinka jini, irin su Warfarin, jini na iya taruwa masa a ƙarƙashin fata. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, abin da ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Wanda ciwon bayansa ya zo da mutuwar ƙafafu, ko fitsari ya fara kufce masa, a ranar ya kamata ya kwana a asibiti. Sai kuma ƙasƙas ɗin wuya da ake yi ana ɗaukar bidiyo: ba kasafai ba, amma yakan yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, lafiyayyen saurayi ya tashi da shanyewar jiki.

Wannan jeri shi ne ma'aunin da za ka auna mai tausa da shi. Wanda ya san aikinsa bakinsa ke fara aiki kafin hannunsa. Zai tambaye ka me ke damunka, tun yaushe, ko ka faɗi, ko an taɓa yi maka tiyata, wane magani kake sha, in mace ce ko tana da ciki. Wanda ya shigo ya ce "kwanta" yana buɗe kwalbar mai, ka ce masa ya rufe abarsa. Kai ma ka yi taka tambayar, ba rashin kunya ba ne: a ina ka koya, wata nawa, wa ya koya maka, ina shagonka, wa ka taɓa yi wa a unguwar nan? In ya ce shi likitan fisiyo ne, ya nuna lasisin MRTB na bana da sunan asibitin da yake aiki. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan. In ya ce yana warkar da suga ko rashin haihuwa, magana ta ƙare, raka shi ƙofa. Tausa ta gari tana iya ɗan sosa wuri, amma ba ta sa mutum ihu, kuma in ka ce "tsaya" a tsaya. Hanya mafi sauƙi ta samun na ƙwarai ita ce ka je sashen fisiyo na asibitin gwamnati mafi kusa, a duba maras lafiyar, ka tambaye su wa za su iya turo maka gida. Da yawansu suna zuwa bayan an tashi aiki.

Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji. Wannan ba ya buƙatar dogon wa'azi a garin nan. Baƙo in ya shigo gida kada a bar shi shi kaɗai da maras lafiya, balle wanda bakinsa ya karkace ba ya iya faɗin abin da aka yi masa. Kuma ku iyaye, 'yarku in ta ce ta samu aikin tausa ana kiranta otal da dare, ku binciki wace irin tausa ce, don wasu tallan kowa ya san abin da suke sayarwa.

Sai maganar kuɗi. Na ɗan zagaya na tambaya a makon nan, kuma kowa ya san farashi a ƙasar nan ba ya kwana inda ya wuni tun da aka cire tallafin mai a 2023. Iya ta unguwa har yanzu ba ta yanka kuɗi, abin da ya sawwaƙa ne, mai wankan jego kuma sai an yi arba'in a haɗa mata turmin atamfa da sabulu da abin da aka samu. A asibitin gwamnati, bayan kuɗin kati, zama ɗaya a sashen fisiyo 'yan dubbai ne. Likitan fisiyo mai lasisi in zai zo gida, waɗanda na tambaya sun ce daga dubu goma zuwa ashirin, gwargwadon nisa da nauyin aikin. A wuraren shaƙatawa na manyan otal-otal na Abuja da Legas, awa ɗaya takan tashi daga dubu talatin zuwa sama, amma can sanyin ɗaki da farin tawul da ƙamshi kake biya, ba magani ba. Yanzu ka ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Abin da gidan dattijon nan suka biya ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, kuma da kuɗin nan ɗaya da sun samu mai digiri da lasisi har ɗakin Baba. Ba araha suka bi ba balle a ce araha ba ta ado. Tsada suka saya, don mun saba ɗauka duk abin da aka tsauwala wa kuɗi shi ne mai kyau, kuma ɗan damfara ya fi kowa sanin wannan hali namu.

Don haka a yi ciniki a fili tun kafin a fara. Minti nawa ne zama ɗaya? Kuɗin mota yana ciki ko daban? Mai da sauran kaya wa zai kawo? Kada ka biya zuwa goma a dunƙule ga wanda ba ka san gidansa ba; biya na yau, in ya dawo gobe ka biya na gobe. Ka tambaye shi me ake sa ran gani bayan zuwa huɗu ko biyar, in babu canji mene ne mataki na gaba. Kuma ka lura da wannan: likitan fisiyo na gaskiya zai koya wa 'ya'yan gida yadda za su juya maras lafiya, su zaunar da shi, su yi masa atisaye safe da yamma, don ya san aikin awa ɗaya ba ya isa. Burinsa ku daina buƙatarsa. Wanda ke ɓoye abin da yake yi, yana cewa sirri ne, ko yana ƙaro muku kwalabe kowane mako, burinsa ku dawwama a hannunsa.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da masu sa ido kan asibitoci masu zaman kansu: yadda kuke rufe kemis ɗin da ke ƙarin ruwa ba izini, ku bi lambobin wayar nan da ke manne a turakun wuta, ba ɓoye suke ba. Ƙungiyar likitocin fisiyo ta fito gidajen rediyo da Hausa, ba taron otal da Turanci ba, don 'yan damfara sun riga ku shiga kunnen jama'a. Gidajen rediyon kuma da ke karɓar kuɗin tallan mai warkar da cuta goma sha biyu da mai ɗaya, ku sani kuna da kamasho a cikin alhakin. Kai kuma mai karatu, in gajiya ce ke damunka, nemi mai hannu mai laushi ka biya shi hakkinsa. In ciwo ne, fara da asibiti, kuma kada ka bar kowa ya taɓa mahaifinka sai ya amsa tambayoyinka, shi ma ya yi nasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.